Tsohon Kwando a Ƙofar Gida: Fure Mai Rai ko na Roba?

Gidan Ba'amurke na gargajiya waje yake kallo. Babu katanga, babu zaure. Daga bakin titi sai ɗan fili mai ciyawa, sai matakala uku ko huɗu, sai baranda mai rufi a gaban ƙofa. Aikin da dakali ke yi a ƙofar gidan Bahaushe shi baranda ta saba yi a can: wurin shan iska, wurin gaisawa da mai wucewa, wurin hirar yamma. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu na'urar sanyaya ɗaki da talabijin suka janye mutane zuwa falo, zaman baranda ya ragu ƙwarai, har ta kai masu tsara garin Seaside a jihar Florida, wanda aka fara ginawa a 1981, suka shardanta wa masu gini su yi baranda don maƙwabta su riƙa ganin juna. Zama ya ragu, amma kwalliya ba ta ragu ba. Har gobe baranda ce fuskar gida, da ita ake sanin ko akwai mai kula a ciki.

Sau huɗu a shekara ake canza wannan kwalliya, wasu ma fiye, ana bin yanayi: lokacin da dusar ƙanƙara ta narke itatuwa suka fara toho a Maris da Afrilu, sai watannin zafi daga Yuni zuwa Agusta, sai kaka da ganye ke yin ja yana zuba, sai hunturu. Cikin kayan da ake yin ta da su, kaɗan ne suka kai tsohon kwando farin jini. Kwandon da aka gama cin moriyarsa a cikin gida, na wanki ne, na cefane ne, ko na ɗiban tuffa a gona, sai a fito da shi a kakkaɓe ƙura, a cika shi da furanni, a ajiye gefen ƙofa ko a rataye a jikinta. A nan ne hanya ta rabu biyu. Wasu fure mai rai suke sawa, da ƙasarsa da saiwarsa. Wasu na roba suke sokawa. Mai wucewa a mota ba lallai ya bambance ba, amma kowanne da abin da yake nema a wurin mai gida, kowanne kuma da abin da yake yi wa shi kansa kwandon.

Akwai dalilin da ya sa tsofaffin kwanduna suka yi wa ƙasar yawa. Manoman tuffa da dankali da tumatir sun daɗe suna ɗiban amfani a wani zagayayyen kwando na siraran falankai mai hannun waya, wanda ke cin kusan lita 35, kafin kwali da akwatin roba su karɓe masa yawancin aikin. A jihohin Kentucky da North Carolina akwai faffaɗan kwando mara zurfi da ake jera ganyen taba a kai a rumfunan gwanjo, shi ma an daina. Kowace shekara kuma iyaye na saya wa yara ƙananan kwanduna na bikin Ista, a ci alewar ciki a jefa kwandon a gareji. Sannan ga labarin kamfanin Longaberger, wanda Dave Longaberger ya kafa a 1973 a ƙaramin garin Dresden na jihar Ohio. Da hannu ake saƙa kwandunansa da itacen mafal, masaƙi ya sa hannu da shekara a gindin kowanne, mata na tallarsu gida-gida. A shekarar 2000 cinikin kamfanin ya kai dala biliyan ɗaya, yana da ma'aikata fiye da dubu takwas, hedikwatarsa kuma a garin Newark, wadda aka buɗe a 1997, bene ne hawa bakwai da aka gina da siffar kwandon cefane har da hannayensa. Mutane sun yi ta saye suna tarawa da zaton daraja za ta ƙaru. Ba ta ƙaru ba. Kasuwa ta juya, kamfanin ya tsayar da aiki a 2018, kuma 'ya'yan da suka gaji ɗakuna cike da kwanduna suka riƙa kwasa suna kaiwa shagunan kayan gwanjo irin su Goodwill, inda ake sayar da su da araha. To, mai neman kwando ba zai sha wahala ba. Abin da zai zuba a ciki shi ne abin shawara.

Mu fara da mai rai. Hanya biyu ake bi. Ko dai a shimfiɗa leda ko buhun algarara ko zaren ɓawon kwakwa a cikin kwandon, a huda gindin ledar don ruwa ya samu mafita, a zuba ƙasar shuka mara nauyi a dasa kai tsaye. Ko kuma a bar furen cikin tukunyar robar da aka sayo shi, a sa ɗan faranti a ƙarƙashi, a zura duka cikin kwandon, a rufe bakin da gansakuka ko busasshiyar ciyawa. Ta biyun ta fi sauƙi kuma ta fi tausaya wa kwandon, domin in lokaci ya wuce sai a ɗaga tukunya a sa wata. Ta farkon ta fi kyan gani, saboda furen yana bazuwa ya zubo ta gefe kamar a nan ya tsiro.

Duk wadda aka bi, daga ranar mai gida ya ɗauki nauyi. Kwando ba tukunya ba ne. Iska na ratsa shi ta ko'ina, ƙasar ciki kaɗan ce, saboda haka tana bushewa da wuri. A tsakiyar Yuli sai an yi ban ruwa kullum, wani lokaci safe da yamma in baranda na kallon rana. Rufin da ke kare mutane daga ruwan sama shi ne kuma ke hana furen samu, ko da an kwana ana tafkawa. Ga cire furen da ya yanƙwane don wani ya fito, ga ɗan taki lokaci-lokaci, tunda yawan ban ruwa na wanke abincin ƙasar. Wanda ya yi tafiyar mako guda bai bar wa maƙwabci sallahu ba, busassun kara zai tarar.

Me ake samu a madadin wannan ɗawainiya? Abin da ake samu, a ganina, shi ne ainihin abin da ya sa ake kiran kwalliyar ta yanayi. Fure mai rai ba ya iya ƙarya game da lokaci. Fansi, ɗan ƙaramin fure mai zane kamar fuska, yana jure sanyin ƙarshen Maris har da ɗan daskarewar dare, amma da zafi ya kama sai ya miƙe ya rame ya daina fure. Tulif sai kwan saiwarsa ya sha sanyi na kusan wata uku kafin ya yarda ya fito, kuma in ya fito kwanakinsa ƙidayayyu ne. Fituniya, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, da jeraniyam da aka kawo daga Afirka ta Kudu, dare ɗaya na ƙanƙara ya ishe su mutuwa, shi ya sa a jihohin arewa ba a fitar da su sai an shiga watan Mayu sosai. Mai kwandon fure mai rai dole ya san ranar da sanyi ke yin sallama a garinsu da ranar da yake dawowa. Dole ya riƙa sauraron hasashen yanayi, ya fito da dare ya shigar da kwando ciki ko ya lulluɓe shi da tsohon zani. Wannan sani ne da zaman ofis da mota da ɗaki mai na'ura ke gogewa daga kan mutum, kwando guda kuma yana iya dawo masa da shi.

Sarauniyar kaka ita ce kirisantimam, wadda Amurkawa ke gajarce sunanta su ce mam. Daga ƙasar Sin ta fito, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana nomanta. Tana yin dunƙule guda, rawaya ko ruwan goro ko ja mai duhu, ta cika bakin kwandon tuffa dam kamar don shi aka halicce ta, a jera mata kabewa biyu ko uku a gefe da damin karan masara a jingine da ginshiƙi. Abin sha'awa game da ita shi ne ba sanyi take jira ba, tsawon dare take aunawa. Sai dare ya yi tsawo take fara fidda kai. Masana biyu na Ma'aikatar Noma ta Amurka, Garner da Allard, su suka bayyana wannan ɗabi'a ta tsirrai a 1920, bayan gwaje-gwajen da suka yi da taba da waken soya. Sai dai ilimin da ya bayyana sirrin shi ne kuma ya ba 'yan kasuwa hanyar yaudarar furen. Masu rainon fure na lulluɓe shi da baƙin ƙyalle tun da sauran rana, ya ɗauka dare ya yi tsawo, ya buɗe kafin lokacinsa. Da haka ake samun mam a buɗe a manyan shaguna tun watan Agusta. Wanda ya yi gaggawar saye, zafi zai ƙona masa furen cikin ɗan lokaci. Masu wayo sai sun ji iska ta canza suke saye, kuma mai ƙullin da bai gama buɗewa ba suke zaɓa. Ko a nan ɗin ma, yanayi ne ke yanke hukuncin ƙarshe.

Yanzu ga inda fure mai rai ke da laifi babba, kuma bai kamata masoyansa su ɓoye ba: yana cinye kwandon. Ruwa da saƙa ba sa shiri. Komai kyan ledar da aka shimfiɗa, danshi na samun hanya. Gindi ne ke fara baƙi, fumfuna ta kama, ƙusoshin da ke riƙe da baki su yi tsatsa, wata rana a ɗaga kwando hannu ya zo gindi ya zauna. Akwai dabarun jinkirta wannan: a ɗora shi kan bulo biyu don iska ta bi ta ƙasa, a shafa masa man kare katako, a riƙa fitar da tukunya a yi ban ruwa a waje a bar ta ta tsane kafin a mayar, a juye shi a shanya in lokaci ya ƙare. Duk jinkiri ne kawai. Kwandon da zai iya kai wa jikoki in yana kan kabad, 'yan shekaru zai yi a baranda da jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikinsa.

A daidai nan furen roba ke shigowa da hujjarsa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Ba ya shan ruwa, don haka kwandon na zama a bushe. Abin da ake buƙata bai wuce dunƙulen soso mai tauri da za a soka kara a ciki ba, da waya, da ɗan dutse a gindi don kada iska ta yi gaba da shi. Cikin awa ɗaya an gama. Na yanzu kuma ba irin na da ba ne mai ƙyalli kamar leda. Da yadin foliyesta ake yin ganyen, a matse shi a injin zafi ya ɗauki jijiya da lanƙwasa, a rina shi launi-launi, a ɗaura a kan waya mai rigar roba. Yawancinsa daga masana'antun ƙasar Sin yake fitowa, daga lardin Guangdong da kasuwar birnin Yiwu, ya sauka a manyan shagunan kayan ado irin su Hobby Lobby da Michaels, inda ake jera na kaka tun ana tsakiyar zafi. Irinsa ne dai ke kan teburan falo da wuraren biki a Kano da Maraɗi.

Kuma akwai mutanen da shi ne kaɗai mafitarsu. Tsohuwar da gwiwa ba ta barinta ɗaukar butar ban ruwa, amma ba ta so ƙofarta ta yi kama da ta gidan da ba kowa. Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare. Direban babbar mota da ke kwana goma a hanya. Mai barandar da ke kallon arewa, ƙarƙashin manyan itatuwa, inda rana ba ta leƙowa. Mazaunin birnin Phoenix a Arizona, inda a 2023 aka jera kwana 31 kullum zafin rana na kai digiri 43. Wane ɗan fure ne zai rayu a hannu biyu na ƙasa cikin wannan wuta? Ga masu kyanwa da kare, tunda tulif da mam duka suna cutar da su in sun ci. Ga masu atishawa da ƙaiƙayin ido in sun shaƙi garin fure. Duk mai raina furen roba, ya fara tuna waɗannan kafin ya buɗe baki. Son ganin launi a ƙofar gida ba sai mai lafiya da lokaci ba.

Sai dai maganar da ake yi cewa na roba ba ya mutuwa, a cikin ɗaki ne take gaskiya. A waje yana mutuwa, mutuwar ce dai ba ta da kyan gani. Hasken rana na cin rini. Ja ya koɗe ya koma ruwan hoda, shunayya ta yi toka-toka, koren ganye kuma ya juye shuɗi-shuɗi, launin da babu wani ganye mai rai da ke da shi. Gefen yadin ya fara zare, robar ta bushe ta riƙa karyewa, ƙura da yanar gizo su zauna a tsakanin ganye. Akwai maganin feshi da ke rage cin rana, akwai kuma mai tsada da aka yi musamman don waje, amma su ma lokaci suke saya. Fure mai rai in ya yanƙwane, wani na fitowa a bayansa. Na roba tun ranar farko yake gangara, ba ya kuma hawa. In ya gama, yadi ne da roba da waya da gam a manne wuri guda, ba mai iya raba su a sake sarrafawa, sai juji. Soson da aka soka shi a ciki kuma marmashewa yake yi, iska ta kwashi garin zuwa lambu da magudanar ruwa.

Akwai kuma wani abu da ke damuna a nan, wanda ya shafi dalilin fito da tsohon kwandon tun farko. An fito da shi ne don kada a yar, don a rage saye. To in aka cika shi da furen roba kashi huɗu, na tohon ganye, na zafi, na kaka, na hunturu, sai kuma a sayi manyan akwatunan roba da za a adana ukun da ba lokacinsu ba, a nema musu wuri a gareji. An ceci abu ɗaya na itace, an shigo da tarin roba. Lissafin bai fita ba.

Adalci dai shi ne a faɗi cewa fure mai rai ma hannunsa ba fari tas ba ne. Cikin baƙar tukunyar roba yake zuwa, irin wadda wuraren sake sarrafa shara da yawa ba sa karɓa. Ƙasar shukar da ake sayarwa a buhu yawanci tana ɗauke da ruɓaɓɓen gansakuka da ake haƙowa daga fadamun Kanada, wanda ke ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ya taru. An raini furen a rumfar gilashi mai ɗumi, an ɗauko shi a mota daga nesa. Mafi yawan mam ɗin da aka saya a Satumba kuma, kafin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba sun shiga shara. Wanda ke sayen sabo sau huɗu a shekara yana yarwa, bai fi mai roba da wani abin kirki ba, a kuɗi ma ya fi shi kashewa in aka tara shekaru. Bambancin shi ne mai rai na da ƙofar fita daga wannan. Ana iya yanko reshen jeraniyam a dasa ya kama, ana iya shigar da uwar ɗaki ta yi hunturu a bakin taga, ana iya shuka iri da kanka, ana iya mayar da tukwane ga mai rainon, ana iya juye tsohuwar ƙasa da matattun kara a ramin taki. Maƙwabta na ba juna reshe kyauta. Na roba ba ya haihuwa. In ya ƙare, sai a koma shago.

Ni dai a nan nake tsayawa: kwandon tuffa, kwandon Ista, kwandon wanki da ya fara sakin baki, a ba su fure mai rai, su ƙare a bakin aiki. Ba don ajiya aka yi su ba. Falanki ne da ƙusa, an ƙera su don su yi 'yan kakanni a gona su lalace. In sun ƙara shekara biyu ko uku suna ɗauke da furanni kafin gindi ya zube, sun yi abin da ya fi wanda aka yi su dominsa, kuma in an cire waya da ƙusoshi sauran na komawa ƙasa. Ban ga ribar tsare kwandon da ba shi da wata daraja ta hanyar cusa masa abin da zai fi shi daɗewa a juji ba. Kuma ido ma na shaida: saƙar da ta yi duhu, ta ɗan karkace, tana da tabon ruwa, ta fi dacewa da ganyen da ƙwaro ya ɗan taɓa a kan wanda injin ya buga dubu iri ɗaya.

Hunturu ne ke sassauta gardamar, domin a jihohin arewa irin su Minnesota da Maine babu furen da ke buɗewa a waje a watan Janairu. Abin da ake yi a lokacin hanya ce ta uku. Ana yanko rassan itatuwan da ba sa zubar da ganye, a soka su a tsohuwar ƙasar da ta rage daga kaka, a zuba ruwa sau ɗaya, sanyi ya daskarar da ƙasar ta riƙe su gam. A haɗa da busassun 'ya'yan itacen fayin, da fararen sanduna, da jan reshe. Sanyin da ke kashe fure shi ke riƙe waɗannan kore har zuwa Maris, kuma kwandon ba ya ruɓewa tunda ruwan ya zama ƙanƙara. A nan ne ko masu tsananin ƙin roba sukan ɗan sassauta su soka jajayen 'ya'yan itace na roba guda biyu uku, saboda na gaske tsuntsaye ke cinyewa ko su zube. Ban ga laifin wannan ba. Haka nan a kaka, busasshen kan alkama da dawa da furen da aka shanya a inuwa suna cika kwando ba tare da ɗigon ruwa ba. Wanda ba zai iya ban ruwa ba, ya gwada wannan kafin ya nufi shago.

Akwai kuma tsohuwar al'adar da ke nuna cewa kwando da fure mai ɗan gajeren rai sun daɗe tare a ƙofar Ba'amurke. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, ranar 1 ga Mayu yara kan cika ƙananan kwanduna da furannin da suka tsinko, su rataye a ƙofar maƙwabci ko wata tsohuwa a unguwa, su ƙwanƙwasa su gudu. Marubuciya Louisa May Alcott ta kawo labarin wannan a littafinta Jack and Jill na 1880. Al'adar ta ja baya sosai, amma akwai garuruwan da ba su saki ba.

Saura kwandon da bai kamata ya fita baranda ba sam, ko da wane irin fure. A yankin Mount Pleasant kusa da Charleston, jihar South Carolina, mutanen Gullah, jikokin bayin da aka kwaso daga yankunan noman shinkafa na gaɓar Afirka ta Yamma, daga Senegal zuwa Saliyo, har yau suna ɗinka kwando da wata ciyawar bakin teku mai ƙamshi, suna naɗe ta da tsagin ganyen wani ɗan uwan kaba. Duk wanda ya taɓa ganin ana ɗinkin faifai zai gane hannun nan take: a murɗa ciyawa, a yi ta zagaye ana ɗinkewa daga tsakiya zuwa baki. Aikinsa na asali ma bakacen shinkafa ne a gonakin bayi. Suna sayarwa a rumfuna a gefen babbar hanya mai lamba 17 da kuma kasuwar Charleston. A 2006 jihar ta ayyana shi a matsayin sana'ar hannunta ta hukuma, a 2008 kuma ɗaya daga cikin gwanayen, Mary Jackson, ta samu babbar kyautar gidauniyar MacArthur. Babba guda na iya cin makonni ko watanni ana ɗinki, ciyawar kuma tana ƙara wuyar samu saboda gidajen shaƙatawa da aka gine gaɓar da su aka kuma killace. Zuba jiƙaƙƙiyar ƙasa a irin wannan ɓarna ce. Barinsa a rana da raɓa da furen roba a ciki, ita ma ɓarna ce, a hankali dai take ci.

Haka kwandunan da 'yan asalin ƙasar, kamar al'ummomin Wabanaki na jihar Maine da Mohawk na kan iyakar Kanada, ke saƙawa da baƙin itacen ash. Sai an sare gungume, a yi ta dukansa da gindin gatari har zoben kowace shekara ya saki ya ɓantaro kamar ɗamara, a tsaga a kankare, sannan a fara saƙa. A 2002 aka gano wani koren ƙwaro ɗan asalin Asiya a kusa da Detroit, jihar Michigan, wanda tsutsarsa ke cin abin da ke ƙarƙashin ɓawon wannan itace har ya bushe a tsaye. Ya kashe miliyoyin itatuwa, ya bazu zuwa jihohi da dama, ya kuma isa Maine. Masaƙa na tara iri suna adanawa, suna ajiye gungume a ruwa, amma ba su da tabbacin jikokinsu za su samu abin saƙa. Irin wannan kwando kan faɗo shagon gwanjo in an kwashe kayan mamaci, a haɗa shi da na masana'anta a sa masa kuɗi ɗaya, saboda mai shagon bai san bambanci ba.

Don haka kafin a huda leda, a juya kwandon a duba. In baki da ƙusar inji aka kama shi, falankan duk faɗi ɗaya, na masana'anta ne, a fita da shi. In kuwa an ga an naɗe bakin da tsagin itace ba ƙusa ko ɗaya, hannun an sassaƙa shi da wuƙa, ko ɗinki ne zagaye-zagaye na ciyawa mai launi biyu, ko akwai suna da shekara a gindi, to a dakata a tambayi wanda ya sani. Wurinsa cikin ɗaki ne, nesa da taga mai rana da na'urar ɗumama ɗaki, a riƙa share shi da burushi mai laushi. In ana son fure a cikinsa, a zura kwalbar ruwa mai faɗin gindi a kan ɗan faranti, a yanko fure daga lambu a sa, a riƙa fitar da kwalbar duk lokacin da za a canza ruwa.